Mace da Gadon Gona a Ƙasar Kano: Daga Hanin 1923 zuwa Gyaran 1954

A shekarar 1923 Sarkin Kano Usman ɗan Abdullahi Maje Karofi, wanda aka fi sani da Usman ɗan Tsoho, ya zartar da hukunci cewa mace ba za ta ƙara cin gadon gida ko gona ba a ƙasar Kano. Dalilin da aka bayar shi ne, wai matan da suka gaji gida ko gona sukan sami madogara, daga nan sai su ƙi zaman aure su shiga zaman kansu. Wannan hukunci ya yi shekara 31 ana aiki da shi. Ya ratsa zamanin Sarki Abdullahi Bayero tun daga farkonsa har ƙarshensa, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi, bisa hujjar cewa mayar wa mata haƙƙinsu zai rage tagayyarar tsofaffin da ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Masanin tarihi Steven Pierce, wanda ya yi bincikensa a Ungogo, shi ne ya yi nazarin hukunce-hukuncen biyu a farkon wannan ƙarni.

Ba kasafai ake jin wannan labari a zaurukan karatu ba. A yau idan aka ambaci tallafa wa manoma mata na karkara, abin da yake fara zuwa a ran mai sauraro shi ne ƙungiyoyin ƙasashen waje da tarurrukansu, da rabon injin markaɗe da 'yan awaki. Saboda haka wasu suke ɗari-ɗari da batun, suna zaton baƙo ne. Alhali kuwa tushensa, wato mace ta mallaki ƙasar da ake noma mata mallaka tabbatacciya, hukunci ne da ya sauka a Madina, kuma kowane ɗalibin da ya sauke Risala ya wuce ta kansa a babin gado. Abin tambaya shi ne yadda aka yi wannan haƙƙi ya suɓuce a ƙasar da aka yi jihadi domin tsayar da Shari'a, da kuma abin da suɓucewarsa ta jawo wa gona da rumbu.

Abin da Shari'a ta tabbatar

Tirmizi da Abu Dawuda sun ruwaito cewa bayan Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi shahada a Uhudu, matarsa ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yanta mata biyu, tana kukan cewa baffansu ya kwashe dukiyar mahaifinsu bai bar musu komai ba. Sai ayar gado ta sauka, aka umurci baffan ya ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, ya ba mahaifiyarsu tumuni, abin da ya rage ya zama nasa. Abin lura shi ne Ansar mutane ne manoma, mafi yawan dukiyarsu gonakin dabino ce. Ke nan tun ranar farko, gadon da aka tabbatar wa 'ya mace a Madina ya haɗa da ƙasa da abin da ke tsaye a kanta. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta yanke wa mata rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, ba ta kuwa ware gona daga tufafi ko dabba ba. Aya ta 32 ta tabbatar wa kowane jinsi abin da ya nema da guminsa.

Sunna kuma cike take da matan da suke da gona ko suke aiki a cikinta. Muslim ya ruwaito cewa an saki innar Jabir ɗan Abdullahi, ta nufi fita ta yanke dabinonta tana cikin idda, wani mutum ya tsawata mata, amma Annabi ya yi mata izini, ya kuma ambata mata cewa ta yiwu ta yi sadaka ko wani alheri da abin da ta girba. Hadisin nan da ake yawan kawowa kan ladan wanda ya dasa itace ko ya yi shuka, a ruwayar Muslim an faɗe shi ne a cikin lambun dabinon wata mace, Ummu Mubasshir Ba'ansariya. Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu ta ba da labarin yadda take ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonar mijinta Zubairu, wadda take nesa da gari da kimanin kashi biyu cikin uku na farsakhi.

Malaman Malikiyya sun gina hukunce-hukunce a kan wannan. Dukiyar mace tata ce, aure ba ya haɗe ta da ta miji. Tana da ikon ta saya ta sayar, ta ba da haya, ta ɗauki ma'aikata. Iyakar da mazhaba ta gindaya wa matar aure ita ce kyautar da ta haura sulusin dukiyarta, wadda miji yake da damar hanawa. Sannan Khalil ya bambanta tsakanin hidimar cikin gida, irin su kwaɓa da shara, wadda take kan matar da al'adar irinta ta gudana da haka, da aikin neman kuɗi irin su kaɗi da saƙa, wanda bai wajaba a kanta ba. Idan kaɗi bai wajaba ba, noman gonar miji ya fi cancantar rashin wajabci, tun da ciyarwa a kansa take.

Domin a ga girman abin da ake magana a kai, a ɗauki misali mai sauƙi. Manomi ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata biyu, ba uwa ba uba. Asalin mas'alar 8 ne, tana inganta daga 48. Matar tana da 6, kowane ɗa yana da 14, kowace 'ya tana da 7. Jimillar rabon mata 20 ke nan cikin 48, sama da kashi biyu cikin biyar na gonar. Wannan shi ne abin da ake cirewa daga hannun mata a gida guda idan aka ce mace ba ta gadon ƙasa.

Gandu da gayauna da kulle

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya tarar da wannan cuta a ƙasar Hausa. A cikin littattafansa na yaƙi da bidi'a, irin su Ihya'us Sunna da Nurul Albab, ya lissafa cikin munanan al'adu yadda babban magaji kan danne tarika gaba ɗaya da sunan shi ne madadin uba, da yadda ake hana mata rabonsu. Sai dai jihadi bai tumɓuke tsarin da ya haifi al'adar ba, wato gandu. A tsarin gandu, maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza suna noma babbar gona tare, ana zuba amfaninta a rumbu ɗaya, daga ciki ake ci, ake biyan haraji, ake yi wa samari aure. Kowane baligi kuma ana yankar masa 'yar gayauna da zai noma da yamma ko a ranar da ba a fita gandu. A wurin Maguzawa, da kuma a karkarar Maraɗi inda ake kiranta gamana, matar aure ma tana samun nata yankin. Amma wannan yanki aro ne. Ranar da aure ya mutu, ko maigida ya ga buƙata, sai ya koma inda ya fito.

Mutanen gandu suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce a wurinsu: 'ya mace za ta yi aure ta tafi wani gari, idan aka ba ta gona, gobe 'ya'yanta ne za su gada, gonar ta fita daga gida ke nan. Sai aka saba da ba ta tufafi da tukwane da akuya, a bar ƙasa ga maza.

A ɓangaren fiƙihu ma akwai wata ƙofa da ta kasance a buɗe. A mazhabar Malik, ƙasar noma da aka ci da yaƙi ba a raba ta kamar ganima, tana zama waƙafi ga Musulmi, shugaba ne yake kula da ita. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi kan hanyoyin da mutum yake keɓanta da ƙasa, kamar raya matacciya da yankar da shugaba yake yi wa mutum. A aikace, a Kano shari'ar gona da gida ta fi zuwa majalisar sarki, ba gaban alƙali ba, domin ana ganin sha'anin ƙasa yana cikin ikon mai mulki. Wannan rarrabewa za ta yi tasiri daga baya.

Batun fitar mace gona kuwa yana da tarihin da ya kamata a tsaya a kansa. A ƙarni na 19 manyan gonaki da rinjoji suna tafiya ne da aikin bayi, maza da mata. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta bayyana yadda kuyangi ne suke fita gona, 'ya'ya mata kuwa suna gida. Ke nan fartanya a hannun mace ta zama alamar bauta. Da Turawa suka shelanta cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, kuma bauta ta dinga ja da baya har aka haramta ta gaba ɗaya a 1936, matan da suka sami 'yanci sun ga cewa shaidar 'yancinsu ita ce su ajiye fartanya su shiga gida kamar iyayengijinsu na da. Wannan shi ne bayanin da M. G. Smith ya bayar kan yadda kulle, wanda a da ya fi yawa a gidajen malamai da sarakuna da attajirai, ya bazu cikin karkara a ƙarni na 20. Shi ne kuma ya rubuta rabe-raben da ya ji a bakin mutane: auren kulle, da auren tsare, da auren da mace take fita gona, wanda suka kira auren jahilai. Sunan ya yi tsauri. Da za a auna shi da labarin Asma'u 'yar Abubakar, da mai faɗarsa ya ji nauyin bakinsa.

Ajiye fartanya bai fitar da mace daga harkar noma ba. Sussuka da casa da shiƙa da daka a hannunta suke. Ita take ɓare gyaɗa, ta matse mai, ta soya ƙuli. Ita take dafa kalwa ta yi daddawa. Zaren da masaƙan Kano suka yi suna da shi, mata ne suka kaɗa shi da mazari a tsakar gida. Tsofaffi da zawarawa da 'yan mata kuwa ba su daina shuka da roron wake da tsinkar auduga ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967, ta yi mamakin girman cinikin da mata suke gudanarwa daga cikin gidajensu ta hannun yara masu talla, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki.

Yadda aka kai ga 1923

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1910 suka kafa dokar da ta sa ƙasar Arewa gaba ɗaya ƙarƙashin ikon Gwamna, suna cewa manomi ba shi da komai a gona sai haƙƙin amfani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga kakar 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe fiye da yadda kamfanonin Turawa suka zata, su da suka sa rai ga auduga. A gundumomin da suke kewaye da birni aka shigo da harajin taki, wato malaman awo su auna gona da takun ƙafa, a ɗora mata kuɗi gwargwadon faɗinta. Cikin shekaru kaɗan gona ta zama abu mai kawo kuɗi, kuma abin da hukuma take ƙirgawa ta san wanda zai biya mata. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta ƙara nuna wa kowa bambancin mai gona da marar ita.

Kundin shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, wanda Allan Christelow ya fassara daga Larabci, ya nuna mata suna zuwa gaban sarki da ƙararrakinsu. Da darajar ƙasa ta hau, rigimar gado ta hau tare da ita, kuma mace mai gida ko gonar kanta ta zama abin da masu mulki suke kallo da zargi. Kalmar karuwa a wancan zamani tana iya faɗawa kan duk macen da ta isa aure amma take zaune ba a ƙarƙashin miji ko waliyyi ba, ko da sana'ar fura take yi. A cikin wannan yanayi ne hukuncin Sarki Usman ya fito.

Idan aka ɗora hukuncin a kan ma'aunin usulul fiƙhi, abin da ya fi kusa da zama madogararsa shi ne toshe kafar ɓarna, ƙa'idar da Malikiyya suka fi kowa riƙo da ita, tare da ganin cewa gona da gida suna cikin abin da shugaba yake da ikon tsarawa. Amma toshe kafa yana aiki ne a kan halal ɗin da galibi yake kaiwa ga haram. Ba ya soke farillar da nassi yankakke ya ƙayyade da lamba. Malaman usul suna kiran irin wannan maslaha da maslahar da Shari'a ta yi watsi da ita, kuma misalin da suka saba bayarwa daga babin gado yake: wanda ya ce a daidaita ɗa da 'ya saboda wata maslaha da ya hango. To wanda ya ce a hana 'yar gaba ɗaya ya fi shi nisa daga nassi. Idan kuma aka ce gonar waƙafi ce ba a gadonta, sai a tambaya don me ɗa namiji ya ci gaba da gadon amfaninta. Abin da aka bar wa maza su gada, da kowane suna aka kira shi, tarika ne, rabon mata yana cikinsa. Allah Ya gafarta wa Sarki Usman. Ya hau gadon sarauta da tsufa, a zamanin da hannun sarakuna yake ɗaure. Amma hukuncin ya hukunta dubban marayu da matan mamata saboda laifin da ake zargin wasu ƙalilan da shi, kuma yana da wuya a ga yadda hana mace abin dogaro zai kare ta daga abin da ake tsoro, tun da talauci shi ne babban mai tura mutane can.

Abin da gona take rasawa

Gonakin da suke kewaye da birnin Kano suna cikin mafi cunkoson ƙasar noma a wannan yanki na Afirka. Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana nazarinsu tun daga shekarun 1960, ya nuna cewa ana noma su kowace damina ba tare da an bar su sun huta ba, kuma abin da ya riƙe ƙarfinsu shi ne taki. Da rani jakuna suke jigilar toka da shara daga birni a mangala, ana kuma kwashe kashin tumaki da awaki daga turke a kai gona. Harawar wake da ta gyaɗa ta ciyar da dabba, dabba ta mayar wa gona. Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne, da yawa daga cikin awakin nan da tumakin na mata ne. Takin akuyar mace yana tafiya gonar gandu, ba a taɓa jin an ƙirga mata shi a bakin komai ba.

Irin wannan noma yana buƙatar haƙuri na shekaru. Takin gargajiya ba ya gama aikinsa a damina ɗaya. Gawo, wanda manoma suka san hatsi ya fi kyau a ƙarƙashinsa, sai ya yi shekaru kafin ya amfanar. Haka shinge, haka rijiyar lambu. Wanda yake riƙe da gonar aro ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin ya san ranar da gona ta yi kyau ita ce ranar da mai ita zai tuna da ita. Matar da take noma gayauna a wannan matsayi take. Ga shi kuma ba a zuwa gonarta sai an gama da gandu, ta yi shuka a makare, noman farko ya same ta ciyawa ta riga ta ci ƙarfin yabanya.

Masana tattalin arziki sun auna wannan a wuraren da tsarin gidajensu ya yi kama da na ƙasar Hausa. Christopher Udry, a binciken da ya buga a 1996 kan ƙauyukan Burkina Faso, ya kwatanta gonar miji da ta mata a gida ɗaya, shuka iri ɗaya, shekara ɗaya, ya tarar amfanin gonar matar ya gaza da kimanin kashi 30 cikin 100. Da ya bi sawun dalili, sai ya ga kusan duk takin gidan a gonar miji ake zuba shi, haka ma yawancin aikin hannu. Ya ƙiyasta cewa da za a raba taki da aiki daidai da buƙatar kowace gona, da abin da gidan yake girba ya ƙaru da kusan kashi 6 cikin 100, ba tare da an sayo ko buhu ɗaya ba. A 2008 shi da Markus Goldstein suka nuna a kudancin Gana cewa waɗanda riƙonsu ga ƙasa ba shi da ƙarfi, mata a kan gaba, suna tsoron barin gona ta huta don kada a karɓe ta, sai ƙasa ta gaji, amfani ya ragu. A Nijeriya kanta, binciken da Gbemisola Oseni da abokan aikinta suka buga a 2015 ya sami giɓin kashi 28 cikin 100 tsakanin gonakin mata da na maza a Arewa. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta ƙiyasta a rahotonta na 2011 cewa da mata za su sami kayan noma daidai da maza, da amfanin gonakinsu ya ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Mai karatu zai iya cewa matar kulle ba ta riƙe fartanya, me za ta yi da gona? Attajirin birni ma ba ya riƙe fartanya, amma yana da gonaki. Fiƙihu ya tanadi wakilci da ijara da muzara'a domin irin wannan. Mace mai gonar kanta tana iya sa 'yan ƙwadago da ribar ƙulinta, ta aika takin awakinta inda ta san ita za ta girba. Idan aka rufe mata wannan ƙofa, kuɗin sana'arta dole su nemi wani wurin kwana, kuma wurin da suka samu a ƙarni na 20 shi ne jeren kwanoni da tasoshi da langa-langa a ɗaki. An sha yi wa mata gori kan tara kwano, ba a tambayi ko an bar musu wata ma'ajiya da ta fi ta ba.

Akwai damuwa guda da take da nauyi, wato gutsuttsura gona. Idan aka yi ta raba ƙaramar gona tsakanin magada, zuriya bayan zuriya, a ƙarshe kowa zai tashi da abin da bai isa shimfiɗa tabarma ba. Gaskiya ne, amma rabon maza ma yana gutsuttsura ta, ba a kuwa taɓa hana ɗa gado saboda haka ba. Babin rabo a fiƙihun Malikiyya ya san matsalar: akwai rabon amfani da magada za su yi ta karɓa-karɓa ko kowa ya noma wani sashe ba tare da an yanka asalin ba, akwai sayar da abin da ba ya rabuwa a raba kuɗinsa, akwai shuf'a da take ba abokin tarayya fifikon saye idan ɗan'uwansa zai sayar wa bare. Duk waɗannan suna kiyaye gona ba tare da an ci haƙƙin kowa ba.

Bayan 1954

Sarki Sanusi malami ne, ya kuma hau mulki a lokacin da siyasar jam'iyyu ta kankama, NEPU da Malam Aminu Kano suna ta da maganar haƙƙin talakawa da na mata. Soke hanin da ya yi ya mayar da hukuncin kotu kan nassi. Sai dai shekara 31 ta isa a haifi yaro ya girma ya yi iyali bai taɓa ganin an yanka wa mace gona ba, kuma al'adar gandu ta girmi hanin da ƙarnoni. Mutanen karkara sun daɗe suna guje wa kai rabon gado gaban alƙali saboda ushirar da ake cirewa, sai a raba a zaure tsakanin dattawa, inda muryar 'ya mace ba ta kaiwa. Abin da aka fi yi shi ne a ce ta bar rabonta a hannun yayanta, yana aika mata dami ɗaya ko biyu da kaka, ko a yi wa gonar kuɗi a rahusa a ba ta. Ita kuwa ba ta iya musu, domin gidan yayan nan shi ne mafakarta ranar yaji ko ranar saki.

Malaman Magrib sun fuskanci wannan mas'ala ƙarnoni da suka wuce. Wansharisi, wanda ya rasu a 914 bayan Hijira, ya tattara a cikin Mi'iyar fatawoyin da suke cewa a garin da aka saba hana mata gado, kyautar da 'yar'uwa ta yi wa 'yan'uwanta maza na rabonta ba ta inganta, domin kunya da tsoron yanke zumunci ne suka sa ta, kuma tana da ikon dawowa ta nema, ita ko magadanta. Risala ma, bayan ta ambaci cewa wanda ya yi shiru shekara goma yana kallon wani yana riƙe da gidansa ya rasa damar ƙara, ta togace dangi da surukai daga wannan wa'adi. Shirun 'yar'uwa ba yafewa ba ne a idon mazhaba.

Hukumomin zamani sun zo sun bi sawun al'ada ba tare da sun sani ba. Manyan ayyukan raya noma da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975 da bashin Bankin Duniya sun ɗauki maigida a matsayin manomi. Shi malamin gona yake nema, shi ake rubutawa a takardar takin zamani da ingantaccen iri. Malaman gonar maza ne, ba su da hanyar shiga gida. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe sashen mata a hukumomin raya noma na jihohi, aka fara ɗaukar malaman gona mata. Ko a nan ma, bashin noma yana neman jingina, mai gonar aro kuwa ba ta da abin jinginarwa.

Abin da ya faru a karkarar Maraɗi ya nuna inda lamarin yake dosa idan ƙasa ta ƙara ƙaranci. Marthe Diarra Doka da Marie Monimart sun ba da rahoto a 2004 cewa a ƙauyukan kudancin jihar, inda jama'a suka yi yawa gonaki suka tsuke, magidanta sun fara daina yanka wa matansu gamana. Wasu sun fake da addini, suka ce sun sa matan a kulle, alhali matan suna fita rijiya da itace da biki, gona kaɗai aka hana su; mutanen wurin da kansu suka laƙaba wa abin suna kullen gona. Amare da ƙananan mata ne suka fara rasawa, har aka sami 'yan matan da suka tashi ba su iya noma ba a gidajen da kakanninsu mata suke cika rumbu. Da aro ya ƙare, matan sun juya ga hanyar da ta rage musu: suka fara zuwa gaban malamai da alƙalai suna neman a raba gonar mahaifinsu bisa Shari'a, a ba su rabin abin da aka ba ɗan'uwansu.